Mariƙin Taga: Tarihin Wani Ɗan Ƙarfe a Haɗejiya

Duk wanda ya zaga tsofaffin gine-ginen hukuma a Haɗejiya, azuzuwan firamare ne ko gidajen ma'aikata ko ɗakunan shan magani, zai ga abu guda yana ta maimaituwa: tagar ƙarfe da aka ɗaure da waya, ko da tsumma, ko da robar da aka yanko daga tsohon tib na keke. Firam ɗin lafiyarsa ƙalau, sau da yawa ma gilashin yana nan. Abin da ya tafi shi ne mariƙin, wato ɗan hannun da ake murɗawa tagar ta kama. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, amma rashinsa ya isa ya mayar da taga bango idan an ɗaure ta ɗaurin dindindin, ko ya mayar da ita ƙofar sauro da ƙura idan an bar ta tana lilo. Kuma baƙo ne a wannan ƙasa, da ƙyar shekarunsa suka kai ɗari.

Gidan ƙasa na Bahaushe bai taɓa bukatarsa ba. Taga a wurin maginan dā ƙaramar kafa ce da ake bari can sama kusa da rufi, don haske ya ɗan shigo, hayaƙi kuma ya fita. Ba ta da murfi, balle abin murɗawa. Idan hunturu ya kama sai a toshe ta da tsumma ko guntun tabarma, idan bazara ta zo a zare. Wannan ba ƙarancin dabara ba ne. Katangar tubali mai kauri ita ce ke shanye zafin rana ta hana shi isa cikin ɗaki, kuma duk babbar kafar da aka huda a jikinta tana rage mata ƙarfi, tana kuma shigo da zafin da aka gina ta don ta tare. Ga ƙarancin katako: azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba, tsada gare ta, kuma an fi bukatarta a rufi. Sannan ga maganar sutura. Gida yana fuskantar tsakar gida ne, zaure kaɗai ke kallon titi, babu magidancin da zai so mai wucewa ya hango iyalinsa. Masana harshe suna danganta kalmar taga da kalmar Larabci ɗaƙa, wadda ke nufin kafa a jikin bango. Da sabon abu mai murfi da gilashi ya zo, sai da mutane suka aro masa wani suna, windo, kuma har yau kalmomin biyu suna tafiya tare a bakin magina.

Ƙarfen da maƙera suka ƙera wa gida a wancan zamani ya tafi ne ga ƙofa: sakata, da kuba, da ƙusoshi da faifan ƙarfe da ake lulluɓe ƙyaure da su. Haɗejiya gari ne mai ganuwa, wanda a zamanin Sarki Buhari, a tsakiyar ƙarni na 19, ya ja daga da Sakkwato kanta. Garin da ya iya yi wa ƙofofin ganuwarsa ƙyamare ba zai gaza ƙera ɗan mariƙi ba, abin dai babu mai nema ne.

Masu nema sun zo bayan Afrilun 1906, lokacin da sojojin Ingila suka ci garin da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada, aka haɗa masarautar da Lardin Kano. Turawa sun zo da wani ra'ayi na daban game da ɗaki: a ganinsu lafiya tana cikin iska mai ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan. Ofisoshi da makarantu da asibitocin En'e da aka gina daga baya sun bi wannan ra'ayi. Da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya bi ta Malam Madori, sai kaya masu nauyi, kwanon rufi da siminti da gilashi da firam na ƙarfe, suka sami hanyar zuwa kusa da Haɗejiya, a cikin taragon da zai koma da gyaɗa.

Tagar da ta mamaye gine-ginen hukuma a wancan lokaci irin wadda kamfanin Crittall na garin Braintree a Ingila ya shahara da ita ce. Kamfanin ya fara ƙera tagogin ƙarfe tun ƙarshen ƙarni na 19, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma aka daidaita awonsu ta yadda mai zanen gini zai rubuta lamba kawai a kawo masa abin da yake so. A ƙasar gara, ƙarfe ya fi katako nesa ba kusa ba. Mariƙin irin wannan taga abin a tsaya a duba ne. Yawanci na tagulla ne ko na ƙarfe zalla, yana juyawa a kan ƙusa guda, yana da ɗan hanci da ke hawa kan wani tudu a jikin firam ya matse tagar. Wasu suna da hanci biyu, na biyun yana barin 'yar kafa don iska ta shiga alhali tagar tana kulle. A ƙasa kuma akwai sanda mai huje-huje da ke riƙe ta idan an buɗe, kada iska ta buga ta. Babu wani abu a ciki da maƙerin gari ba zai gane ba da kallo ɗaya. Idan ya lanƙwashe a miƙe shi, idan ya karye a yi masa walda ko a ƙera wani.

Daga gine-ginen hukuma taga ta shiga gidajen jama'a a hankali. Ma'aikatan duba-gari suna wa'azin iska da haske, annobar sanƙarau da ke zuwa da zafin bazara tana ƙara musu hujja. Amma kuɗi ne suka ƙarasa aikin. Bayan ƙarin albashin Udoji, wanda ya shiga aljihun ma'aikata a 1975, gidan bulo mai rufin kwano ya zama shaidar cewa mutum ya samu, kuma tagarsa ita ce luba, jerin fallayen gilashi da ɗan hannu guda ke ɗagawa ya sauke.

A nan ne tarihi ya yi wa arewa 'yar mugunta. An yi luba ne don ƙasashe masu laima, inda ake son iska ta ratsa ɗaki ko ana ruwa. Wani kamfani na garin Brisbane a Ostareliya ya yaɗa samfurin Naco har sunan ya zama sunan abin kansa a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, Nijar a ciki. A Legas ko Fatakwal luba ta dace. A Haɗejiya, inda damina ba ta wuce wata huɗu ba, hunturu kuma ke busa ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana da aibi biyu. Ko an rufe ta ba ta rufuwa sarai, ƙura tana bi ta tsakanin fallayen. Ƙurar kuma tana taruwa a gaɓoɓin da fallayen ke juyawa a kansu, laimar damina ta zo ta mayar da ita tsatsa, gaɓoɓin su ƙage. Mai gida ya ja hannu ya ƙi motsi, ya ƙara ƙarfi, siririn ƙarfen ya lanƙwashe ko ya tsinke. Tunda an dasa hannun ne a jikin firam da ƙusar da ba ta kwancewa, sau da yawa gyara yana nufin sauya gefen firam ɗin gaba ɗaya. Ban da haka, ɓarawo yana iya zare fallayen ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙara ba, shi ya sa aka bi kowace luba da ƙarafan kariya, masu walda suka sami sana'a.

Kogin ma yana da hannu a labarin. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ruwa ke zuwa fadamar Haɗejiya da Nguru. A dā ruwa yakan cika da damina ya janye da rani. Yanzu akwai wuraren da yake kwance duk shekara, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, ga kuma gonakin shinkafa na noman rani a wajen Auyo. Inda ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Wani bincike da aka yi a yankin Farafenni na ƙasar Gambiya, aka buga a 2009, ya nuna cewa sanya raga a kafofin gida ya rage sauron da ke shiga da wajen rabi, ya kuma rage ƙarancin jini a jikin yara. Gidan ƙasa mai 'yar kafa guda ba shi da wurare da yawa da za a tsare. Gidan bulo mai manyan tagogi yana da su, kuma tagar da ba ta kamawa da magariba, musamman inda raga ta yage, kafa ce da aka bar wa zazzaɓi.

Tagar yau ta alminiyum ce, ko mai zamewa gefe ko mai buɗewa waje, kuma masu haɗa ta sun cika garuruwan Jigawa. Ta fi luba tare ƙura, ba ta tsatsa. Rauninta yana wurin mariƙin. Akasarin waɗanda ke kasuwa an zuba su ne da gaurayen ƙarfen zinki, mai araha, mai sheƙi, mai gautsi. Ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, ɓallewa yake yi, kuma mai walda na bakin titi ba shi da abin da zai yi masa. Sai dai a sayo sabo, sabon kuma daga waje yake zuwa, yawanci daga Sin, ya sauka Legas, ya biyo ta kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano kafin ya iso. Ƙasar da ta aza harsashin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta tun ƙarshen shekarun 1970, ta kuma gina ta narka alminiyum a Ikot Abasi, ita ce farashin mariƙin tagarta ke tashi duk lokacin da dala ta tashi, kamar yadda aka gani bayan sakin naira a Yunin 2023. Gyaran da a dā yake hannun maƙerin unguwa ya koma hannun ɗan kasuwar da ke shigo da kaya.

Sauya shi a gida ba aiki ne mai wuya ba, amma yana da ƙa'ida da kafintoci suka sani. Ana cire tsohon a tafi da shi kasuwa, domin tazarar ramukan ƙusa ta bambanta daga samfuri zuwa samfuri, akwai kuma na dama akwai na hagu. Idan ƙusoshin masu kwancewa ne, sukudireba ya isa. Idan dasassu ne, sai an huda kansu da injin huji. Idan ramin ya buɗe har ƙusa ba ta kamawa, sai a nemi mai ɗan kauri. Abin da aka fi mantawa shi ne dalilin karyewar. Mariƙi ba ya cika mutuwa don kansa: ko dai hinji ya ƙage, ko hanyar da taga ke zamewa ta cika da yashi, ko kuma ginin ya motsa firam ya karkace, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar fadama da ke kumbura da damina ta tsage da rani. Wanda ya sa sabo bai share yashin ba, bai ɗiga mai a hinji ba, zai koma kasuwa kafin hunturu na gaba.

A shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, lokacin da gidajen ƙasa masu yawa suka zube a ƙananan hukumomin da ke bin kogin, abin da mutane suka fara tonowa daga ɓaraguzai bayan ruwa ya janye shi ne kwano da ƙyaure da firam ɗin taga. Katanga ta koma laka, su kuwa ana wanke su a jingine har a sake gini. Tsofaffin tagogin ƙarfe sun fi jure wannan ƙaura: a kankare tsatsa, a miƙe abin da ya lanƙwashe, inda mariƙi ya ɓata kuma mai walda ya lanƙwasa guntun rodi ya liƙa a gurbinsa, ko ya dasa ƙaramar sakata irin ta ƙyaure.