Inganta shafin intanet na ɗan kwangila

Inganta shafin intanet na ɗan kwangila aiki ne na gyara fasalin shafin kamfanin gini ko na gyare-gyaren gida, da tsara bayanansa yadda injinan bincike irin su Google da Bing za su nuna shi ga masu neman ma'aikaci. Reshe ne na fasahar da aka fi sani da SEO a taƙaice. Ya shafi magina, kafintoci, masu rufin gida, masu fenti, masu gyaran famfo da masu haɗa wutar lantarki. Da yake dole ɗan kwangila ya je inda aikin yake, burinsa shi ne mutanen yankinsa su gan shi, kuma su amince da shi kafin su ba shi kuɗin kafin alƙalami.

Tarihi

Larry Page da Sergey Brin sun kafa Google a shekarar 1998, bisa tsarin PageRank wanda ke auna darajar shafi da yawan shafukan da ke nuni zuwa gare shi da kuma ingancinsu. A shekarar 2005 aka ƙaddamar da Google Maps, abin da ya ba ƙananan 'yan kasuwa damar bayyana a taswira. Manhajar rajistar kasuwanci ta Google My Business ta fito a 2014, aka sauya mata suna zuwa Google Business Profile a 2021. A shekarar 2015 Google ya rage jerin kasuwancin da ke fitowa tare da taswira daga bakwai zuwa uku, gasar samun gurbi ta ƙara zafi.

Yadda ake jera sakamako

Google ya bayyana cewa abubuwa uku ne ginshiƙin sakamakon binciken yanki: dacewar kasuwancin da abin da aka nema, nisansa da mai nema, da kuma shahararsa. Shahara ta haɗa da yawan sharhin abokan ciniki, taurarin da suka bayar, da ambaton kamfanin a wasu shafuka. Ɗan kwangilar da ba shi da shagon karɓar baƙi yana iya ɓoye adireshinsa, ya lissafa garuruwan da yake zuwa aiki. Ana kuma so suna, adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a duk inda aka rubuta su.

Fasalin shafi

Galibi ana ware wa kowane irin aiki shafinsa, domin mai neman gyaran rufi ya faɗa kai tsaye kan bayanin rufi. Ana sa hotunan ayyukan da kamfanin ya kammala da kansa, lambar rajista ko lasisi inda doka ta buƙata, da maɓallin kira a saman shafi.

Ta fuskar fasaha, tun 2014 Google ke fifita shafukan da ke da kariyar HTTPS, kuma daga watan Afrilun 2015 ya fara fifita waɗanda ke buɗuwa da kyau a wayar salula. Ma'aunin Core Web Vitals, wanda ya shiga lissafi a 2021, yana so babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shi ya sa ake rage nauyin hotuna. Tsarin Schema.org, wanda Google, Bing da Yahoo suka kafa a 2011, yana da alamomi na musamman da ke shaida wa injin bincike cewa kasuwancin na mai famfo ne ko na mai rufi.

Hanyoyin da aka hana

Sayen mahaɗai daga wasu shafuka, cusa kalmomin bincike a cikin sunan kamfani da ƙirƙirar adireshin bogi duk sun saɓa wa ƙa'idojin Google. Sabuntawar Penguin ta 2012 ta durƙusar da shafuka da dama masu sayen mahaɗai. Idan aka dakatar da rajistar kamfani, yakan ɓace daga taswira, kiran abokan ciniki ya ragu. A Amurka, hukumar kula da ciniki ta FTC ta haramta saye da sayar da sharhin ƙarya a shekarar 2024. Google ya kuma yi gargaɗin cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na farko a sakamakon bincike.