Yadda aka yi wa ajin Zoom ƙofa da makulli

Duk wanda ya taɓa ɗaukar darasi ta Zoom ya san zaman nan na jiran malam ya buɗe maka kafin ka shiga aji. Wasu har haushi suke ji. To da can babu wannan shamakin, wuya ce ta kawo shi.

Eric Yuan, injiniya haifaffen ƙasar Sin da ya yi aiki a WebEx, shi ya kafa kamfanin Zoom a Amurka a 2011, manhajar ta fito a 2013. Ba don 'yan makaranta aka gina ta ba, don taron ma'aikatan kamfanoni ne. Abin da ya sa ta karɓu kuwa shi ne sauƙi: a turo maka adireshin taro, ka latsa, ka shige, ko asusu ba sai ka buɗe ba.

Sai ga korona. A Disamban 2019 masu shiga taro ta Zoom a rana ba su wuce miliyan 10 ba, zuwa Afrilun 2020 kamfanin ya ce sun kai miliyan 300. Malamai da yawa ranar da suka fara ganin manhajar, ranar suka fara koyarwa da ita. Malam zai ɗauki adireshin ajinsa ya liƙa a Twitter ko Facebook don ɗalibai su gani, bai san ya bar gida ba ƙyaure ba. Lambar taron ma 'yan alƙaluma ne, tara zuwa goma sha ɗaya, masu neman fitina na iya lalubo ta. Ana tsaka da karatu sai baƙo ya faɗo, ya yi ta ashar, ko ya watsa hotunan batsa a gaban yara. Abin har suna ya samu, Zoombombing.

A ƙarshen Maris ofishin FBI na Boston ya yi gargaɗi bayan an kutsa azuzuwan makarantu biyu a jihar Massachusetts. Farkon Afrilu birnin New York ya hana makarantunsa amfani da Zoom, Singafo ma ta dakatar da malamanta na ɗan lokaci. Yuan ya fito ya ba da haƙuri, ya ce kwana 90 ba za su ƙara wani sabon abu ba sai gyaran tsaro. A nan ne aka mayar da kalmar sirri da ɗakin jira a kunne tun daga farko, aka kuma bar nuna allo a hannun malam a asusun makarantu. Abin mamakin, duk waɗannan suna cikin manhajar tun tuni, a kashe kawai suke, kuma wane malami ne ke da lokacin tonon saiti alhali yara talatin na jiransa? A ganina laifin kamfanin ya fi na malaman. A watan Mayu New York ta janye haramcin.

Mu nan kuwa lokacin da aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, damuwarmu daban ce: kuɗin data, caji, da sabis mai yankewa. Shi ya sa jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma darasin rediyo da talabijin. Amma yanzu da darussan Zoom da Google Meet suka yawaita, ina ganin ana ta yaɗa adireshin aji a guruf-guruf na WhatsApp, da kalmar sirrin a manne a jikinsa. Malam, kafin darasinka na gaba leƙa saiti, ɓangaren tsaro, ka tabbata ɗakin jira a kunne yake. In ɗalibanka sun gama shigowa kuma, akwai wajen kulle taron, ka latsa shi.