Kwalejin Katsina: makarantar ƙasa da ta haura shekara ɗari

Daga nan Zuru nake magana, amma yau Katsina za mu je. Dalili kuwa, kwanan baya na bi ta firamaren da na yi, na tarar iska ta yaye rufin aji biyu, bango ya tsage, alhali ginin siminti ne. Sai na tuna da wata makaranta ta jar ƙasa da har yau take tsaye.

A 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Manufarta ita ce samar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. Ahmadu Bello ya kammala a 1931, ya koma Sakkwato koyarwa. Abubakar Imam ya fito a 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a 1933, shi ma ya kama alli a Bauchi. Wato Firimiya da Firayim Minista duk daga aji suka faro.

To, ginin fa? Irin namu ne na Hausa. A wannan salo, ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali da hannu, a shanya shi, a jera bango mai kauri. Kaurin nan shi ke hana zafin rana shiga, ɗaki ya yi sanyi ba fanka. Rufi kuma azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. In ɗakin mai faɗi ne, sai magini ya ɗaura baka ta ɗauki nauyin soron. Ruwan sama ya bi indararo ya zuba nesa da bango.

A 1938 makarantar ta koma Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, kuma ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Tsohon ginin bai zama kango ba. An sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa, yanzu gidan adana kayan tarihi ne.

Wani zai ce ai ruwan Zuru ya fi na Katsina yawa. Haka ne, ba na ce mu koma tubali ba. Amma ginin ƙasa, ko a Katsina, in aka bar shi damina kaɗan ba yaɓe, zubewa zai yi. Wannan ya tsira ne don an riƙa duba shi ana gyarawa.

Saboda haka, kai da ka gama makaranta, yaushe rabonka da leƙa ta? Ku tara tsofaffin ɗalibai, ku duba rufin kafin ruwa ya sauka. Ku rubuto mana sunan tsohuwar makarantar garinku da halin da take ciki. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.