Tarihin Gwajin Ames da Matsalar Ƙididdigarsa

Kafin shekarun 1970, in ana son a san ko wani sinadari yana kawo ciwon daji, sai an ciyar da ɓeraye da shi har wajen shekara biyu, ana kashe kuɗi masu yawa. A 1973 ne Bruce Ames na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali, a Amurka, ya bayyana wata hanya mai sauƙi. Ya yi amfani da wani irin ƙwayar cuta, watau Salmonella, wadda aka raunana gadonta har ba ta iya haɗa wa kanta histidin, abincin da ba ta yaɗuwa sai da shi. Akan shuka ta a faranti tare da sinadarin da ake tuhuma da ruwan hantar ɓera, a ajiye kwana biyu cikin ɗumi. In sinadarin ya jirkita gadonta, sai ta farfaɗo ta yi tsibi-tsibi, a ƙirga. A 1975 aka gwada sinadarai wajen 300, aka tarar kusan kashi 90 cikin 100 na masu kawo ciwon daji sun nuna kansu a faranti. Gubar aflatoksin da ke kama gyaɗar da ta yi funfuna tana cikinsu.

Ƙirga ba ta da wuya, yanke hukunci shi ne aiki. Ko a farantin da ba a sa kome ba, wasu ƙwayoyin sukan farfaɗo da kansu. Saboda haka masana suka ɗauki ƙa'idar ninki biyu: in tsibin ya ninka na farantin da ba sinadari, an kama mai laifi. Amma wani irin ƙwayar yakan ba da tsibi fiye da 100 shi kaɗai, wani kuwa wajen 10, ninkin wannan ba daidai yake da ninkin wancan ba. Har ila yau, in aka ƙara yawan sinadarin, tsibin yakan ƙaru, sa'an nan ya ragu, domin gubar ta soma kashe ƙwayoyin. Wanda ya dubi awon ƙarshe kaɗai sai ya wanke mai laifi.

A nan ne masana ƙididdiga suka shigo. A 1981 Margolin da Kaplan da Zeiger suka nuna cewa bambancin da ke tsakanin faranti da faranti yakan wuce abin da lissafin Poisson ya ƙaddara, suka kuma tsara lissafin da ya haɗa jirkitar gado da mutuwar ƙwayoyi a wuri guda. A 1982 Bernstein da abokan aikinta suka kawo dabarar dogara ga hawan farko na layin, a zubar da awon da guba ta ɓata. Irin wannan lissafi ya fi ƙarfin alƙalami da takarda, sai na'ura mai ƙwaƙwalwa. Manhajar GLIM, wadda ta fito a Ingila a 1974, ta sauƙaƙa shi, daga baya kuma R ta zo kyauta ga kowa.

Abin ba na ɗakin bincike kaɗai ba ne. A 1977 hukumomin Amurka suka hana sayar da rigunan barcin yara masu sinadarin Tris, bayan ya nuna kansa a wannan gwaji. Ƙa'ida ta 471 ta ƙungiyar OECD, wadda aka sabunta a 1997, ta yarda da ƙididdiga a matsayin mataimakiya, amma ta sa hujjar ilmin halitta a gaba. Ma'aikacin da rahoto ya zo teburinsa, wajibi ne ya nemi ganin yawan tsibin kowane faranti, da yadda ya hau da yadda ya sauka, kafin ya sa hannu.