Tarihin Taron Talakawa a Ƙasar Kazaure: Shaidar da Kalmomi Su Ke Bayarwa

Wanda ya nemi tarihin ƙasar Kazaure cikin littattafai, abin da zai samu galibi labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. An rubuta yadda Ɗantunku ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a cikin 1819, da yadda aka yi ta gwabzawa har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar wa Kazaure da iyakarta. Baturen nan matafiyi, Clapperton, da ya iso Kano cikin 1824, ya tarad da yaƙin bai ƙare ba. An rubuta kuma cewa Dambo ɗan Ɗantunku shi ya mai da Kazaure mazaunin sarauta. Amma yadda talakawan birnin da na Roni da Gwiwa da maƙwabtansu na Babura su ke taruwa don kansu, ba marubucin fada da ya damu da shi, gama a wurinsa wannan ba labari ba ne. To, inda takarda ta yi shiru, harshe ya kan ba da shaida. Kalmomin da Bahaushe ya ke kiran taro da su hawa uku ne, kowane hawa kuwa da zamaninsa.

Hawa na fari shi ne na tsofaffin kalmomi, irin su gayya da kalankuwa da biki. Gayya ita ce uwar taron manoma. Mai gona, ko saurayin da zai yi wa surukinsa noma, ya kan kai goro wurin Sarkin Noma ko Sarkin Samari, a sa rana. Ran nan majiya ƙarfi su fito da garemaninsu, makaɗa na zuga su, mata na kawo fura da tuwo. Ba a biyan lada, amma bashi ne, domin wanda ya ƙi zuwa gayyar wani, ran tasa sai ya ga gona wayam. Haka kuma biki, ban da shagali, kalmar ta ƙunshi gudummawar da a ke ramawa tsakanin mata. Da kaka kuwa, in amfani ya shiga rumbu, samari da 'yan mata su kan yi kalankuwa, a yi kiɗa da kokawa da dambe, ƙauye ya gayyaci ƙauye. Cikin wannan hawa akwai baƙi da suka daɗe har suka zama 'yan gida. Masani Greenberg ya nuna cikin 1960 cewa kasuwa daga Barebari ta shigo Hausa. Dandali ma haka ne, gama a Barno dandal shi ne filin ƙofar fada, amma da ya zo ƙasar Hausa sai ya zama filin wasan yara da dare. Watau kalmar ta baro ƙofar sarki ta koma hannun talakawa.

Hawa na biyu na Larabci ne: majalisa, da walima, da mauludi, da zikiri, da jam'iyya. Waɗannan sun shigo ta hannun malamai, sun kuwa kawo wani irin taro dabam, wanda ba gona ko dangi ya haɗa shi ba, sai aƙida. Tun daga 1937, sa'ad da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya sadu da Shehu Ibrahim Inyas a Makka, Tijjaniyya ta sami sabon ƙarfi a lardin Kano, wanda Kazaure ta ke ciki a zamanin Turawa. Zikirin Juma'a ya zaunad da manomi da fatake da ɗan sarki a da'ira guda.

Hawa na uku na Turanci ne, shi ne kuma ya fi saukin sa wa shekara. Ƙungiyoyin samari tun asali su kan kwaikwayi fada, su naɗa Sarki da Galadima da Alƙali, su ci tarar mai laifi da goro. Bayan Turawa sun ci Kano cikin 1903, sai ga Gwamna da Joji da Likita sun shigo cikin sarautun wasa. Duk inda tsoho ya tuna an yi Gwamnan samari a unguwarsu, to, ya ba mai bincike zamanin abin ba tare da ya sani ba. Daga baya mitin da lacca da kwamiti da kulob suka biyo.

Lacca ta cancanci a tsaya kanta. Da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, siyasa ba ta gina wa kanta sabon fili ba. Bakin kasuwa ta samu, da dandali, da makaɗa, da samarin da suka riga suka saba da shugaba da tara da biyayya. Hukuma ta gane haka sarai. Shi ya sa lacca sai da iznin En'e, cikin 1958 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar da ta hana yara shiga al'amuran siyasa. Ba wannan ne karo na fari da masu mulki suka sa ido kan taron talakawa ba. Sarakunan dā da gayya su ke gyaran ganuwa. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, da aka riƙa kwasar mutane zuwa haƙar kuza a Jos, talakawa ba su yarda su kira abin gayya ba, suka sa masa suna ɗiban gwamna. A hayin iyaka, cikin Nijar, gwamnatin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ta ɗauki samariya ta mai da ita hannun hukuma. Darasin ɗaya ne: gayya ta kan tsaya muddin akwai ramuwa, in aka cire ramuwa sai sunan ya ƙi zama.

Iyakokin mulki sun yi ta sauyawa. An yi Jihar Kano cikin 1967, aka rushe tsarin En'e cikin 1976, aka yanki Jigawa cikin 1991, Babura ta koma masarautar Ringim, Kazaure da Roni da Gwiwa suna masarautar Kazaure. Duk wannan bai hana mai kasuwa cin kasuwar maƙwabta ba. Abin da ya raunana tsohon taro daga wata fuska ya fito: noman lada ya ci gayya, cin rani ya kwashe samari da kaka, makaranta da wa'azin malamai, musamman bayan kafa Izala cikin 1978, suka rage wasan dandali. Ƙungiyoyin unguwa masu rajista da sakatare da ma'aji sun gaji wani sashe na aikin, har yau kuwa in za su yashe magudanar ruwa ko su gyara maƙabarta, aikin gayya su ke kiransa.

Saura aikin malaman kwalejojin horon malamai. Waɗanda suka riƙe sarautar samari kafin mulkin kai na 1960 sun tsufa ƙwarai, kaɗan suka rage. Ya kamata ɗalibin da aka tura koyarwa Roni ko Gwiwa ya zauna da su, ya rubuta sunayen sarautun wasa, da irin tarar da a ke ci, da watan da a ke kalankuwa, da ƙauyukan da su ke gayyatar juna, ya rubuta kalma yadda ta fito daga bakin mai ita, kada ya gyara ta zuwa Hausar littafi. In an tara wannan gari gari, sa'an nan za a iya rubuta tarihin ƙasar Kazaure wanda ya haɗa sarki da talakawansa.