Kile USB ta ƙi buɗuwa: me ya lalace, me za a iya cetowa

Kile USB, wadda a Najeriya ake kira filash, ta zama jakar takardun mutane da yawa a Karofan, Buza, Keita da Madawa. Malamin makaranta na ajiye makin ɗalibai a ciki, mai neman aiki na ajiye hoton takardar haihuwa da na shaidar karatu, sakataren ƙungiyar manoman albasa na ajiye lissafin shekara. Ran da kwamfuta ta ƙi karanta ta, galibi bayanan suna nan daram. Abin da ke hallaka su shi ne gaggawar gyara.

A cikin kile akwai ƙwaƙwalwar NAND, wadda kamfanin Toshiba na Japan ya ƙirƙiro a 1987, da wani ɗan guntun inji mai kula da shiga da fitar bayanai. A farkon ƙwaƙwalwar akwai tsarin FAT32 ko exFAT, mai nuna inda kowane fishiye yake, kamar rajistar mai sito. Idan aka fizge kile ana cikin kwafi, ko wuta ta ɗauke, rajistar ce ke lalacewa. Buhunan suna cikin sito, sai dai babu wanda ya san jerinsu.

A nan ne Windows ke nuna saƙon cewa sai an yi wa kile «formater» kafin a yi amfani da ita. A danna «Annuler». Formata na sauri yana share rajistar ne kawai, amma cikakken formata, tun daga Windows Vista, yana bin kile gaba ɗaya yana rubuta sifiri, kuma bayansa babu ceto. Kada kuma a saka sabon abu a ciki, ko da hoto ɗaya ne, domin yana iya hawa kan tsohon fishiye.

Kafin komai a gwada wata kafar USB da wata kwamfuta, a hure ƙurar da ke bakin kile. A lokacin hunturu ƙura kaɗai na iya hana ta aiki.

Idan kile na buɗuwa amma babu komai, ko dosiyoyi sun koma «raccourci»

Wannan ce matsalar da ta fi yawa ga masu yawo da kile tsakanin sibar kafe, wurin buga takardu da masu tura waƙoƙi da finafinai a kasuwa. Ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye dosiyoyin, ba ta share su ba. Alamarta: kile na nuna a cike take, ido kuwa bai ga komai ba. Kada a danna raccourci ɗin, domin shi ke yaɗa cutar. A fara wanke kile da antibirus, sannan a buɗe «Invite de commandes» a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* (a sauya E da harafin da kwamfuta ta ba kilen). Dosiyoyin za su fito.

Idan rajistar ce ta lalace

A duba «Gestion des disques». Muddin kile ta bayyana da girmanta na gaskiya, ko da an rubuta RAW a gefenta, akwai fata sosai. Manhajoji biyu na kyauta, TestDisk da PhotoRec, waɗanda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, su ne abin dogaro. TestDisk na ƙoƙarin gyara rajistar. PhotoRec kuwa ba ya bi ta kanta: yana laluben ƙwaƙwalwar daga farko har ƙarshe, yana gane hotuna, PDF, takardun Word da ɗaruruwan ire-iren fishiye ta alamun da ke farkonsu. Sunayen kan ɓace, sai mutum ya zauna ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, aikin da kan ci yini. Abin da aka ceto a ajiye shi a kwamfuta, ba cikin kilen ba. Wasu masu gyara kan yi saurin amfani da chkdsk. A ganinmu a bar shi sai bayan an kwashe bayanan, domin yana rubutu a kan kile, wani lokaci ya mayar da takardu gutsattsari masu ƙarewa da.CHK.

Idan ƙarfen ne ya mutu

Kilen da bakinta ya lanƙwashe ko ya karye, mai gyaran waya da ya iya dalma zai iya haɗa ta. Amma idan kwamfuta na nuna «Aucun média» ko girman sifiri, injin ciki ne ya tsaya. Ciro ƙwaƙwalwar a karanta ta dabam aikin ɗakin bincike ne mai kayan aiki na musamman, da tsada. Mai gyaran da ya ce zai yi mata «flasher» zai iya tayar da kilen, amma bayanan sun tafi ke nan. A tambaye shi tun kafin a miƙa masa.

Akwai kuma kilen jabu, mai rubutun giga 64 a jiki alhali 8 ne a ciki. Tana karɓar duk abin da aka tura mata ba gardama, sunayen fishiye su bayyana, amma abin da ya wuce girmanta na gaskiya bai taɓa zama a ciki ba, don haka babu manhajar da za ta dawo da shi. Manhajar H2testw na tona asirin irin wannan kile idan aka gwada ta ranar da aka saye ta, tun babu komai a ciki.