Yadda Luo ya haɗiye harshen Suba

Duniya ta san Tom Mboya, ministan Kenya da aka harbe a Nairobi a 1969, a matsayin ɗan ƙabilar Luo. Amma kabarinsa yana tsibirin Rusinga a Tafkin Victoria, garin kakanninsa, kuma mutanen tsibirin asalinsu Abasuba ne. Harshensu, Olusuba, ɗan'uwan Luganda ne na Yuganda, ba su haɗa dangi da Luo ba.

Tarihin baka ya ce wasu kakanninsu sun tsallako tafkin a kwale-kwale a ƙarni na 18, bayan kisan Kabaka Junju, sarkin Buganda, suka yada zango a tsibiran Rusinga da Mfangano.

Auratayya ce ta fara cin harshen. Magidanci ya auro 'yar Luo, yaro ya tashi a bayan uwa da harshenta a baki. Turawan mulkin mallaka da 'yan mishan suka ƙarasa aikin: karatun firamare da Luo, wa'azin coci da Luo, ma'aikacin gwamnati ma da Luo yake karɓar haraji. Tun ana jin Olusuba a kasuwar kifi, har ya koma bakin tsofaffi.

A 1995 Shugaba Daniel arap Moi ya ba Abasuba gundumarsu, aka sa harshen a wasu makarantu da rediyon gwamnati. Da yawa sun ce siyasa ce kawai, a rage wa Luo ƙarfi, shi ya sa abin bai yi nisa ba. Ƙidayar 2019 ta sami Abasuba 157,787, amma masu jin harshen sosai ba su kai haka ba.

Yanzu ido ya koma kan ƙirƙirarriyar basira don ceto harshen. Matsalar ita ce na'ura ba ta koyon harshe sai an ɗura mata rubutu da muryoyi masu tarin yawa, don haka ita ma babban harshe take fara bi: a 2024 Google Translate ya ƙara Luo, bai ƙara Olusuba ba. Sai dai akwai mafari. A 2023 kamfanin Meta ya koya wa na'ura jin harsuna fiye da 1,100 da karatun Sabon Alkawari, littafin da tuni aka fassara zuwa Olusuba. Amma harshen coci bai ƙunshi sunayen kifi da iskokin tafki da cinikin masunta ba. Irin wannan hirar tana gidan rediyon Ekialo Kiona a Mfangano, inda matasa ke gabatar da shirye-shirye da Olusuba, kuma kowace hira da dattijo, in aka naɗe ta aka rubuce, ta zama abin koyar da na'ura.